Sifili Arba'in Bayan Ɗigo

Ofishin nasu ɗaki guda ne a saman wani shagon taki a Funtua, kuma su uku ne a ciki in an haɗa da fanka, wadda ita ma sai ta ga dama take aiki. Sana'arsu na'urar auna laimar hatsi. A cusa bakinta cikin tsibin masara, ita kuma ta faɗi ko ta bushe har ta isa a ɗinke ta a buhu, ko kuwa da saura a ƙara shanya. Sa'adatu ce ta haɗa na'urar, ita ta rubuta manhajarta. Awaisu shi ke tattara sakamako yana tsara wa mai kamfanin, wani Alhaji da ke zaune a Kaduna, wanda ba ya kiran waya sai in yana son abu tun jiya.

Tun shigowar kaka Sa'adatu ba ta san hutu ba. Ƙauye goma sha ɗaya aka raba wa na'urar, kowace kuma da irin tata rigimar. Wannan batir ya mutu, waccan akuya ta tauna mata waya, wata kuwa an ɗora ta kan akwati an lulluɓe da kyalle mai ado don kada ta yi datti. Ta gaji irin gajiyar da ko an ce mutum ya kwanta barcin ba ya zuwa. Ranar Litinin ɗin nan da hantsi tana zaune ta yi tagumi, ta kafe allon kwamfuta da ido ba tare da tana karanta komai ba, sai Awaisu ya tuntsire da dariya.

Shi Awaisu ba mugu ba ne. Halinsa dai, in ya tsinci kuskuren wani sai ya gama yi masa kiɗa da rawa tukuna ya nuna wa mai shi.

"Injiniya, taso ki ga ikon Allah," in ji shi. "Akwai wani bawan Allah a bayan Dayi da ya noma masarar da babu laima ko ɗis a jikinta. Sifili, ɗigo, sifili. Ai ko gawayi ya fi ta danshi."

"Share shi kawai, na'ura ce ta yi shirme," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

"To ai manhajarki kore ta ba shi. Ta ce ta bushe, a ɗinke."

Sai a lokacin maganar ta shiga kunnenta sosai. A bayan Dayi na'ura ɗaya ce tak, kuma tana gidan Malam Labo, mahaifinta.

Wannan na'urar ita ce ta farin da ta taɓa haɗawa, tun tana ajin ƙarshe a makaranta, da tarkacen da ta tsinto nan da can. Sauran goman da aka yi daga baya da kansu suke aiko sakamako ta layin waya. Wannan kuwa, ƙauyensu babu sabis sai mutum ya fito bakin titi, ga shi ƙwaƙwalwarta 'yar mitsitsiya ce, ba ta da wurin da za ta juya abin da ta auna ya zama lambar da ɗan Adam ke karantawa. Ɗanyensa take nunawa yadda yake a cikinta, wato jerin sifili da ɗaya guda talatin da biyu a layi guda. Sa'adatu ta yi alkawarin za ta canza ta, kaka biyu ke nan tana cewa in ta samu sarari. Da Baba ya ce bana fa sai an gwada masa abin 'yarsa a gonarsa, sai ta zauna da shi a zaure, ta ɗora yatsa a gefen hagu na ɗan gilashin na'urar.

"Daga nan za ka fara karantawa, Baba. Duk abin da ka gani ka rubuta a takarda, ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko guda. Sai ka ba Sanda ya kawo mini, ni zan sa a kwamfuta."

Sanda direban bas ne, ɗan garinsu, yana jigila tsakanin Dayi da Funtua. Mako uku da suka wuce, ranar Asabar, ya kawo takardar. Ya tsaya a ƙasa da mota cike da fasinja yana danna oda ba ƙaƙƙautawa, Alhaji kuma yana kan waya daga Kaduna yana tambayarta abin da ta riga ta faɗa masa sau biyu. Ta maƙale wayar a kafaɗa, ta kwafe jerin da hannu ɗaya, ta ga allo ya yi kore. Ba ta dubi lambar da ke ƙarƙashin koren ba. Ta leƙa ta taga ta ɗaga murya.

"Malam Sanda, ka ce wa Baba ta bushe, a ɗinke!"

Buhu ashirin da takwas Baba ya samu bana. Shi ne tuwon gidan da kokonsa har wata kakar, babu wata gonar, babu wani rumbu a ɓoye. In kuwa aka ɗinke masara da laimarta aka jibge a ɗaki aka ja ƙofa, ko wanda bai taɓa riƙe fartanya ba a ƙasar nan ya san abin da ke biyowa.

Ta zazzage jakarta a kan tebur. Takardar tana nan a ninke tsakanin wayar caji da ɓawon alewa, an yago ta daga littafin rubutu na 'yan makaranta. Ta shimfiɗa ta, ta bi da yatsa tana gwadawa da abin da ta shigar ranar. Ba ta yi kuskuren ko guda ba:

00000000 00000000 00101001 10000010

Ta ɗauki biro ta yi aikin da hannu yadda aka koya musu a aji, don a wannan lokacin ta daina yarda da manhajar tata. Lamba mai ɗigo, irin su sha uku da rabi, kashi uku kwamfuta ke yi mata. Alamar farko ita ke cewa lambar sama take da sifili ko ƙasa. Takwas ɗin da ke biye su ke faɗin girmanta, wato inda ɗigon zai zauna. Ashirin da ukun da suka rage su ne tsokar lambar. To a takardar Baba, takwas ɗin nan masu faɗin girma duk sifili ne, ma'ana lambar ta ƙanƙance har ta kusa ɓacewa. Da ta sa kwamfuta ta baje ta gaba ɗaya, sai ga ɗigo, sai sifili arba'in a jere, sannan wasu 'yan lambobi can a ƙarshe kamar waɗanda suka makara zuwa ɗaurin aure.

Ita kuwa manhajar gurbi ɗaya kacal take nunawa bayan ɗigo, don haka ta yanke sauran ta rubuta 0.0. Ƙa'idar da Sa'adatu ta ba ta kuma ita ce, duk abin da bai kai sha uku ba ta haska kore. Sifili bai kai sha uku ba, a nan dai manhaja ba ta yi ƙarya ba. Abin da ba a gaya mata ba shi ne babu masara a duniya mai laima sifili, in ta ga haka ta tsaya ta yi ƙorafi. Layi ɗaya ne, wanda Sa'adatu za ta rubuta kafin shayi ya huce. Ta tuna ma ta taɓa cewa za ta ƙara shi.

Awaisu ya daina dariya, ya jawo kujerarsa kusa.

"Ko na'urar ce ta mutu?"

"Matacciya sifili zalla za ta bayar. Wannan da ɗaya har guda biyar a ciki. Ta auna wani abu, Awaisu, ni ce ban gane abin da take faɗa ba."

Ta gwada musanya rukunonin nan huɗu na takwas-takwas, na gaba ya koma baya, don wasu na'urorin haka suke jera nasu. Shirme ya fito. Ta gwada ɗaukar jerin a matsayin lamba marar ɗigo, ya ba ta dubu goma da ɗoriya, wanda ko kogi bai kai haka laima ba. Kanta ya fara sara. Ta ture kwamfutar gefe, ta zuba wa takardar ido kawai, don ta rasa abin da za ta kalla.

A sama, a kusurwar dama, Baba ya rubuta bisimilla, yadda yake yi ko sunan akuya zai rubuta. Ƙarƙashinta jerin ya miƙe. A gefen dama alamomin manya ne, a sake, kowace da sararinta. Suna tafiya hagu suna ƙanƙancewa, suna matsar juna, har sifilan can ƙarshen hagu suka cunkushe, biyu ma suka hau gefen takarda don sun rasa wuri. Mutum ba ya matse rubutu a inda ya fara, sai a inda takarda ta ƙare masa.

Ashe daga dama Baba ya fara.

Baba bai yi boko ba. Shekara hamsin da wani abu hannunsa na tashi daga dama, a allo, a wasiƙa, a jikin bangon zaure inda yake rubuta ranar da aka yi shuka. Ta tuna ranar da ta koya masa ma bai kira su ɗaya da sifili ba. Alu da ha-kuri ya kira su, sunan baƙaƙen allo, mai tsaye da mai zagaye, har yana tsokanarta wai ashe duk karatun nan da ta yi baƙi biyu ne. Ya karanta daga hagu kamar yadda ta nuna masa, bai tsallake ko guda ba. Da ya zo rubutawa kuwa, sai hannu ya tafi inda ya saba. Ta gaya masa inda zai fara karantawa, ba ta gaya masa inda zai fara rubutawa ba, don bai taɓa zuwa mata a rai cewa wannan ma abin faɗa ne ba.

Ta jawo kwamfutar, ta shigar da jerin daga dama zuwa hagu, tana bi da farce:

01000001 10010100 00000000 00000000

Allo ya yi ja. A ƙarƙashin jan aka rubuta 18.5.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Awaisu a hankali. "Kwana nawa ke nan?"

"Ashirin da uku."

"Tashi ki tafi. In Alhaji ya kira zan ce kin fita duba na'ura. Ai ba ƙarya na yi ba."

A tasha sai da ta yi zaman kusan awa guda ana jiran mutum biyu. Ta kira wayar Baba sau bakwai tana sane ba za ta shiga ba. Da mota ta kama hanya, ko'ina ta duba masara ce a shanye, fara da rawaya, a kan tamfol, a kan dutse, a gefen kwalta, mata suna juya ta da ƙafa. Kowa ya san aikinsa ba tare da batir ba. Ta rufe ido, ta shiga nema wa kanta mafita. Wataƙila Baba bai samu zare da wuri ba. Wataƙila Sanda ya manta saƙon, ai direba ne, kansa da yawa. Wataƙila an bar tagar ɗakin a buɗe iska na ratsawa. Ta san duk ƙarya take yi wa kanta. Sanda ba ya manta saƙon Malam Labo, shi kuma Malam Labo ba ya barin aikin yau ya kwana.

Ta sauka a Malumfashi ta shiga wata motar, a Dayi kuma ta hau acaɓa. La'asar ta kusa lokacin da ta yi sallama a ƙofar gida, bakinta ya bushe, sai a nan ta tuna tun safe ba ta sa komai a ciki ba.

Gwaggo Bilki ce ta amsa, yayar Baba, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyar Sa'adatu. Tana tankaɗe a tsakar gida, ta ajiye rariya tana dubanta sama da ƙasa.

"Ke Sa'ade, lafiya? Haka ake zuwa babu aike, ranar aiki kuma? Dubi yadda kika rame, ko a Funtuwar ba a dafa abinci?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Ina Baba?"

Yana bayan gida a gindin dalbejiya yana gyaran ƙotar galma. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi hanya, ya tambayi aiki, ya tambayi abokin aikin nata mai surutu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunan ba.

"Uwata, ki sha ruwa tukuna."

"Baba, masarar nan. An ɗinke?"

"Washegarin da kika aiko."

"Duka?"

"Duka."

Ta jira ya tambaye ta dalili. Bai tambaya ba. Ya jingine galmar a jikin bishiya, ya miƙe yana dafa gwiwa, ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli. Wannan shirun nasa ya fi ba ta tsoro a kan duk abin da ta gani a kwamfuta.

Ɗakin ajiyar na ƙasa ne mai rufin kwano, ƙofa ɗaya, taga ɗaya a toshe da tsumma saboda ɓera. Yana tura ƙofar wani ɗumi ya fito ya tarye su, da wari mai tsami-tsami kamar na ƙullun da ya kwana biyu. Buhunan suna jere tsaf, layi bisa layi, ɗinkin kowanne a miƙe, aikin mutumin da ba ya yin abu rabi-rabi. Sa'adatu ta ɗora tafin hannu a kan na tsakiya. Da zafi, kamar goshin mai zazzaɓi.

Baba ya sa wuƙa ya yanke zaren. Ta naɗe hannun riga ta cusa hannu har gwiwa, ta damƙo ta fito da shi. Ƙwayoyin sun manne da juna, funfuna ta lulluɓe su, kore-kore da toka-toka, hancin kowace ƙwaya ya yi baƙi. Gwaggo da ta biyo su ta tsaya a bakin ƙofa ta saki salati.

Salatin ne ya jawo Maitama, maƙwabcinsu, ƙaton mutum mai ƙaramar murya. Ya leƙo ta katanga, ya shaƙi warin, ya zagayo ya tuɓe riga. Shi da Baba suka riƙa fito da buhunan tsakar gida, Sa'adatu tana yanke zare tana dubawa. Ta duba kowanne da fatan na gaba zai fi, har ta daina fatan ta ci gaba da yankewa kawai. Biyar na layin sama, waɗanda ke kusa da ƙofa, da dama-dama. Sauran kuwa, wani ma sai an sa ƙafa an farfasa dunƙulen kafin ya zubo.

Maitama ya share gumi yana girgiza kai.

"Allah Ya mayar da alheri, Malam. Abin da ke ba ni mamaki, ai rana ɗaya muka shanya da kai. Mu da ka ce kowa ya bi haƙorinsa, sai da muka ƙara kwana biyar. Tawa ƙalau take, in ka girgiza buhu har ƙara take. Bari in ɗauko tamfol ɗina a baje waɗannan."

Ya fita. Sa'adatu ta juyo ta dubi mahaifinta. Ya zauna a kan turmi da aka kife, wuƙar na hannunsa, yana kallon ƙasa.

"Baba, me ka ce musu?"

"Sun zo suna jiran abin da injin zai faɗa, su ma su ɗinke. Na ce musu tawa aka auna, tawa aka yanke wa hukunci. Kowa ya je ya ciji tasa."

"Kai ma ka ciza?"

"Na ciza."

"Me ka ji?"

"Ba ta fashe ba. Lotsawa ta yi."

Ta ciro takardar daga jaka, ta durƙusa gabansa ta nuna masa inda ya fara da inda ita ta fara. Ta gaya masa na'urar gaskiya ta faɗa, sha takwas da rabi, a ƙara shanya. Ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa, ya dube ta daga dama, ya sake dubanta daga hagu.

"To ashe hannuna ne," ya ce. "Tsohon hannu, bai san wata hanya ba sai tasa."

"A'a, Baba. Wallahi ba hannunka ba ne. Abin da na ce ka yi shi ka yi. Ni ce ban gaya maka ba, ni ce na ga kore ban dubi lamba ba, ni ce na bar maka na'urar da na san ba ta gama haɗuwa ba. Ina kan waya ne, ina sauri." Muryarta ta karye, ta ji haushin kanta da ta karye, don ba ita ce ta cancanci a lallasa ba. "Amma kai ka ciza, ka ji. Don me ka ɗinke?"

Ya ninke takardar yadda take, ya miƙa mata.

"Ta mutane ba zan sa ta a abin da ban gane ba, shi ya sa na sallame su. Tawa kuwa tawa ce. Haƙoran kirki uku suka rage mini a baki, Uwata, na ce wataƙila su ne suka fara ƙarya. Shekara huɗu na tura ki ki koyo abin da ya fi haƙori. Rana ta farko da kika buɗe baki kika ce ga yadda za a yi a gonata, in na ce a'a haƙorina ya fi, to me na tura ki yi?" Ya juya wuƙar a hannu. "Tun kwana goma da suka wuce nake jin ɗumin in na wuce ta ƙofar. Na ɗauki makulli sau biyu na mayar. Wannan kam ba injin ba ne, ni ne."

Kunya ce da baƙin ciki suka taru suka danne ta, da gajiyar watanni a kansu, ta zauna dirshan a ƙasa cikin masarar da ta zube.

Gwaggo Bilki ba mai zama kallon mutane suna jimami ba ce. Ta riga ta ɗebo cikin ƙwarya tana murzawa da tafin hannu tana hurawa.

"Ku tashi, kuka ba ya cika tukunya. Ai ba ta ruɓe duka ba. A baje ta kwana uku a rana, a surfa, a wanke da ruwa biyu. In ta zama gari wa zai sani? Miyar kuka ta rufe sauran. Wadda ta yi baƙi sosai a ba kaji da awaki. An yi shekarun da muka ci abin da bai kai wannan ba, ga mu nan ba mu mutu ba."

Sa'adatu ta san amsar, ta kuma so a ce ba ta sani ba. Irin wannan funfunar tana barin dafi a cikin ƙwayar kanta. Wanki ba ya fitar da shi, wuta ba ta kashe shi, a hankali yake cin hanta, ya kuma fi saurin kama yara, ga 'ya'yan yayanta uku a gidan da ba sa wuce kokon safe. Dabbar da ta ci ma yana bin nononta. Amma da wane baki za ta faɗa? Bakin da ya ce a ɗinke shi ne kuma zai ce a zubar? In ta yi shiru Gwaggo za ta surfa, gida zai ci tuwo har damina, babu mai cewa ita ta hana. Ta sunkuyar da kai tana tsintar ƙwayoyi daga zanenta.

"Uwata," Baba ya ce. "Kin ji abin da Gwaggonki ta faɗa. Ana ci?"

Ta ɗago kai.

"Biyar ɗin can a baje su, a tsince da hannu, a ga abin da zai fita. Sauran ba a ci, Baba. Ko an wanke, ko an dafa. Kaji ma kada a ba su, awaki ma haka. A haƙa rami a binne, mai zurfi, yadda dabba ba za ta tono ba."

"Ashirin da uku?" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ke 'yar nan, kin san abin da kike faɗa kuwa? Me za a ci a gidan nan? Labo, kai ma ka yi magana mana!"

Baba bai dubi yayarsa ba, 'yarsa yake kallo.

"Injin ne ya ce, ko ke?"

"Ni ce, Baba."

Ya daɗe yana kallon buhunan da suka cika tsakar gidan, bakinsu a buɗe. A idonsa ta ga yana bin su ɗaya bayan ɗaya, tun daga huɗa har zuwa ranar da aka loda su a amalanke. Gwaggo tana ta faɗa har ta gaji ta ajiye ƙwaryar ta koma gefe tana share ido da bakin mayafi.

"To," ya ce.

Ya ajiye wuƙar a kan turmin, ya miƙe, ya kama kunnen buhun da ya fi kusa da shi ya fara jansa zuwa ƙofar baya. Buhun ya fi ƙarfinsa, taku biyu ya tsaya yana haki. Sa'adatu ta tashi ta kama ɗaya kunnen, suka ja tare.